Ruwa ya zo ya ɗauke, ƙadangaru sun cinye min tsiro: in haƙura ne ko da dabara?

"Assalamu alaikum Malam. A Kano nake, ina da ɗan fili a bayan ɗakina da bai wuce taku 6 a kan 4 ba, sai buhuna 8 da na jera a jikin katanga. Tsakiyar watan Mayu aka yi ruwa mai ƙarfi, sai na shuka kuɓewa da alayyahu da yakuwa, na dasa tumatir da attaruhu. Sun fito gwanin sha'awa, kawai sai ruwa ya ɗauke kusan kwana 12, ga zafi, ƙadangaru suka bi tsiron suna gutsurewa, wani lokacin da safe in tarar an tone min buhu. Shekaranjiya kuma aka yi ruwa da iska, tumatirin duk ya kwanta, ruwa ya taru a fangalin har yanzu bai tsotse ba. Ga kwaɗi sun cika wajen yara na tsoro. Maƙwabciyata ta ce in fesa fiya-fiya kowa ya huta. Don Allah me zan yi, ko dai in haƙura sai da rani?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙari. In na fahimce ki da kyau abu uku kika haɗa a tambaya ɗaya: ruwan da ba ya tsayawa a magana ɗaya, baƙin da ke shigo miki lambu dare da rana, sai kuma abin da ya kamata ki riƙa yi kullum don kar wahalarki ta tafi a banza. Tun kafin mu yi nisa bari in ce miki kar ki haƙura, kuma don Allah kar ki fesa fiya-fiya. Yawancin abin da kika lissafa tushensa ɗaya ne, wato ruwa, yadda yake shiga ƙasarki da yadda yake fita, har ƙadangarun nan ma da kika fi jin haushinsu maganar ruwa ce ta kawo su.

Ni a Zariya nake, na fi shekara 20 ina shuka a bayan gida, kuma na yi aikin malamin gona, to abin da zan faɗa daga nan ya fito. Sai dai ki sani mun fi ku samun ruwa, muna samun kusan milimita 1000 a shekara ku kuwa ba kwa kaiwa haka, damina na riga sauka a wajenmu, ƙasarmu kuma ta fi taku nauyi, don haka ki riƙa gwada maganata da abin da idonki ke gani a gidanki.

Ruwan farko ba ruwan shuka ba ne

Ruwan da aka yi muku a tsakiyar Mayu ruwan bazara ne, kuma halinsa ke nan tun kaka da kakanni, ya zo da ƙarfi ya jiƙa ƙasa mutane su yi murna, sai ya ɗauke sati biyu wani lokacin har uku. A Kano damina ba ta cika zama da gindinta ba sai cikin Yuni, ta yi ƙarfi a Yuli, Agusta a shiga marka, zuwa ƙarshen Satumba ta fara sallama. Masu binciken yanayi a yankin Sahel suna da wani ma'auni da nake so ƙwarai saboda sauƙinsa: ba sa cewa damina ta sauka sai an samu ruwa milimita 20 cikin kwana 3, sannan a kwana 30 da ke biye ba a yi kwana 7 a jere babu ruwa ba. Kin ga naki ya cika sharaɗin farko ya faɗi a na biyu. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, ita ma duk farkon shekara tana fitar da hasashen damina, ta faɗi lokacin da ake sa ran saukarta a kowace jiha da inda ake tsoron ruwa zai tsaya, ana karantawa a rediyo da Hausa, yana da kyau ki riƙa bi.

To amma ke ba mai gonar dawa ba ce da za ki zauna jiran sama. Filinki ƙarami ne, bokiti ya ishe shi, shukar da kika yi a Mayu ba laifi ba ce in da kin ɗauke ta a matsayin noman rani kin ci gaba da ban ruwa kamar ba a taɓa yin ruwan ba. Ga lissafin da nake amfani da shi. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 tsawon mita 1. A zafin bazara, lokacin da Kano ke taɓa digiri 40, irin wannan filin yana asarar lita 5 zuwa 7 a rana tsakanin abin da rana ke ƙonewa da abin da ganye ke fitarwa. Ke nan ruwan milimita 30 da ya sa gari ya ɗauka an yi ruwa, a ƙasa mai yashi ba ya wuce kwana 4 ko 5. Buhu kuwa ya fi haka saurin bushewa, musamman da kika jingina su da katanga, don bulo na shan zafi da rana ya riƙa maido wa shuka har bayan isha'i. Gobe da yamma ki ɗora tafin hannunki a jikin katangar ki ji. In da hali ki janye buhunan kamar taku ɗaya.

Kar ki yi ban ruwa da kalanda, ki yi da yatsa. Da sassafe ki tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in kin ji sanyi da danshi ki bar ta, in kin ji ta a bushe kamar gari ki ba ta ruwa sosai har ya kai saiwa. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan sau uku a rana shi ke sa saiwa ta zauna a sama, rana ɗaya aka manta sai shuka ta yi yaushi. Kuma a gindi ake zubawa ba a kan ganye ba.

Abin da ya fi komai sauya min lambu shi ne rufe ƙasa. Busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayi, busasshen ganyen dogon yaro da ake sharewa a ƙona, duk wanda kika samu ki shimfiɗa a kan fangali da bakin buhu kaurin yatsu 3, ki ɗan bar fili a zagayen gindin shukar don kar ya ruɓe. Akwai ranar da na ɗaga ciyawar a wani fangalin barkono da ƙarfe 2 na rana, ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce mai sanyi har da tana guda biyu suna motsi, taku ɗaya a gefe inda ban rufe ba kuwa ƙasar ta yi fari ta tsattsage ba za ki iya taka ta ba takalmi ba. Gara takan zo cin ciyawar, gaskiya ne, amma galibi busasshen abu take bi, in kin ga ta fara hawa jikin shuka sai ki janye ciyawar ki barbaɗa toka.

Ƙadangaren bakin tulu

Hausawa sun gama magana a kansa, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Asalin abincin ƙadangare ƙwari ne, tururuwa da gara da fara da tsutsa, jan gwada ɗaya da matansa suna rage miki ƙwarin da ba ki san adadinsu ba. Abin da ke sa shi faɗa wa tsiro shi ne lokacin da gari ya bushe ƙamas, babu ɗanyen abu ko'ina sai ɗan alayyahunki mai ganye biyu cike da ruwa. Ki lura, ɓarnar tasu ta yi tsanani ne a kwana 12 ɗin nan da ruwa ya ɗauke, kuma ina sa ran yanzu da ciyawa za ta fito ko'ina ƙwari su yawaita za ki ga sun rage da kansu.

Abu biyu nake yi. Na farko ina ajiye musu ruwa a fasasshen kasko can nesa da fangali, a gindin katanga inda suke shan rana, in sa ɗan dutse a ciki. Sai dai duk kwana 2 ake zubarwa a sake, don sauro daga ƙwai zuwa mai cizo sati ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi, kar a je maganin ƙadangare a kawo wa yara zazzaɓi. Na biyu kuma shi ne ainihin maganin, a kare tsiron a sati 3 na farko. Gidan sauron da ya riga ya tsufa ya yage aka daina kwana a ciki, ki kafa kara ko sanduna 4 ki lulluɓa, ki danne gefen da ƙasa ko duwatsu don ko ƙaramar kafa suka samu za su shiga. Na dashe irin su attaruhu kuma ki samu robar ruwa babba ki yanke sama da ƙasa ki kifa a kan kowanne kamar zobe. Da zarar kara ya yi ƙwari ganye ya kai 6 ko 8, ƙadangare ba ya iya kashe shi ko ya ɗan taɓa.

Wanda ke tone miki buhu da dare ba ƙadangare ba ne, shi da rana yake yawo. Ban ga wajen ba, amma alamar za ta gaya miki. In rami ne babba da tulin ƙasa a bakinsa, musamman kusa da kwata ko gindin katanga, gafiya ce, ita kam tarko ne maganinta da toshe hanyar da take shigowa. In 'yan ƙananan ramuka ne kuma irin da kika shuka ya ɓace, ɓera ne. In an barbaza saman ƙasar ne kawai, ki tambayi kajin maƙwabta ko kyanwa. Sau da yawa kuma takin da bai gama ruɓewa ba ne ke jawo su, ko sauran tuwo da ake zubawa a gindin shuka da sunan taki. Ki daina zuba dafaffen abinci a wajen gaba ɗaya.

Kwaɗin nan kuwa, Hajiya, ma'aikata ne kika samu kyauta. Da dare suke fita su cinye tsutsar da ke yanke tsiro daga gindi da gyare da sauran ƙwari, ba sa taɓa ganye ko ɗaya. Ki nuna wa yara da tocila yadda kwaɗo ke zama shiru ya harba harshe, tsoron zai koma kallo, a dai hana su ɗauka da hannu. Haka bushiya in Allah ya kawo miki ita, haka jaba da mutane ke kashewa saboda wari alhali ƙwari take ci ba hatsi ba. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne inda kwaɗi da ɓeraye suka yi yawa maciji na iya biyo su. Don haka kar a bar tulin bulo ko itace ko tsohon kwano a wajen, ciyawar gefen katanga a riƙa nome ta, kar yaro ya shiga da dare ba fitila ba takalmi. In tsautsayi ya faɗa, ba ɗauri ba tsaga ba tsotsa, asibiti kai tsaye.

Tsuntsaye ba su cika damuna ba. Kurciya da gwara kan tsince irin alayyahu in an watsa shi a sama ba a rufe ba, gidan sauron nan ya magance wannan. Ƙadandoniya ce ma ta fi ɓarna a farkon damina, tana cin irin da ya fara tsagewa, ita kuma tsincewa ake yi da safe a ƙarƙashin ciyawa.

Ruwan da ya kwanta da shukar da ta kwanta

Wannan shi ne na gaggawa, yau za ki yi shi ba gobe ba. Saiwa tana numfashi, in ruwa ya zauna a kanta kwana 2 ko 3 sai ta fara ruɓewa, ki ga tumatir ya yi yaushi alhali yana tsaye cikin ruwa, wasu ma sai su ƙara masa ruwa suna zaton ƙishi ne. Ki ɗauki fartanya ki ja 'yar hanya daga fangalin zuwa rariya ruwan ya fice. Fangali mai zurfi irin na 'yan lambu na rani ne, an yi shi ne don ya tare ruwa, da damina akasin haka ake so, kunya ake yi ko a ɗaga fangalin ya kai tsawon tafin hannu sama da ƙasa. Buhunan ki duba gindinsu, in ba huji ki huda 8 zuwa 10 da ƙusa har da gefe-gefe ta ƙasa, ki ɗora su a kan bulo ko duwatsu. In ƙasar ciki ta daskare kamar tabo, nan gaba ki haɗa kashi 2 ƙasa, kashi 1 yashi, kashi 1 ruɓaɓɓen taki.

Tumatirin da ya kwanta in karan bai karye ba zai tashi. Ki ɗaga shi a hankali tun ƙasa na da laushi, ki tara masa ƙasa a gindi, ki kafa sanda ki ɗaure da tsumma sako-sako, ba da igiyar leda mai yanka ba. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa kuma iska ce ke riga ruwa isowa, to sandar ta shiga ƙasa sosai, in gabashin filin a buɗe yake ki kafa ɗan zana ya rage ƙarfinta. Ni da na ga gabas ta yi baƙi da la'asar nake zagayawa in duba ɗauri in kwantar da duk abin da iska za ta iya jefawa kan shuka.

Amma gaskiya tumatir ba ɗan damina ba ne a wajenmu, shi ya sa yake tsada a wannan lokacin, manyan masu nomansa a Kadawa da Kura ma da rani suke yi lokacin sanyi. Zafi in ya wuce digiri 35 furensa zubewa yake ba ya ɗaure 'ya'ya, laima kuma na kawo masa ciwon ganye, ruwan sama na fantsamo ƙasa a kan ganyen ƙasa-ƙasa daga nan cutar ke hawa. Ki cire duk ganyen da ke taɓa ƙasa, ki rufe gindin da ciyawa. In kin ga gindin 'ya'yan ya yi baƙi, ko sun tsage bayan ruwa mai yawa, duk rashin daidaiton ruwa ne, yau bushewa gobe ambaliya. Ki riƙa duba ganyen kuma, in kin ga fararen tabo kamar an kankare cikin ganyen an bar fatar, ki ɗaga shi a rana za ki ga 'yar tsutsa a ciki, ita ce sharon da ta yi wa manoman Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa mummunar ɓarna a 2016. A ƙaramin lambu tsinke ganyen ake a ƙona tun tana kaɗan. Ki lallaɓa waɗanda kike da su, amma babban dashen tumatir ki bari sai Oktoba zuwa Nuwamba.

Waɗanda damina ke so su ne kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyahu, kabewa, gauta. Duk inda tsiro ya mutu ki sake shukawa yanzu, ba ki makara ba ko kaɗan. Irin kuɓewa ki jiƙa shi ya kwana, cikin sati zai fito, wata 2 kin fara tsinka, kuma duk kwana 2 ko 3 ake tsinka don in ta tsufa a jiki uwar na rage haihuwa. Alayyahu sati 3 zuwa 4 ya isa miya, ki riƙa shuka kaɗan duk sati 2 maimakon ki watsa duka lokaci ɗaya. Zogale in za ki sa, wuri mai tudu yake so, ba ya shiri da kwantaccen ruwa, ya kai ƙugu ki datse kansa ya yi rassa.

Maganar feshi

Fiya-fiya guba ce mai ƙarfi, ba a yi ta don ganyen da za a tsinka gobe a zuba a miyar yara ba, kuma a fili irin naki da ke manne da ɗaki ku ne za ku fara shaƙa. Za ta kashe kwaɗin da ƙudan zuman da ke ɗaura miki kabewa, domin kabewa furen namiji daban na mace daban, in zuma ba ta zo da safe ta haɗa su ba sai ki ga 'yar kabewar ta yi rawaya ta faɗi. Ƙwarin da kike son kashewa kuma su ne ke fara dawowa, su tarar ba mai cin su.

Ni abin da nake yi, ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa kamar an soka allura, toka nake barbaɗawa da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. In abin ya yi yawa, ko na ga darɓa a bayan ganye, sai in daka busassun 'ya'yan dogon yaro rabin kilo, in jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, in tace da ƙyalle, in narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, in fesa da yamma bayan zuma ta tafi, sama da ƙasan ganye. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi da girma, don haka sai an maimaita duk sati, in ruwa ya wanke a sake. Ganyen miya ki bar shi kwana 2 ko 3 bayan feshi ki wanke sosai saboda ɗaci.

Taki kuma, in an shiga marka za ki ga ganyen ƙasa na yin rawaya, yawanci ruwa ne ya wanke abincin, musamman a buhu. Tafi ɗaya na ruɓaɓɓen kashin awaki ko na kaji duk sati 2 ya wadatar. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake, sai ya yi kamar wata 2 a tare ana juyawa. In takin zamani ne irin NPK 15-15-15, murfin kwalba ɗaya a buhu, a binne nesa da gindi lokacin da ƙasa ke da danshi. Sai dai rawayar ganye na da dalilai da yawa, ruwa ya yi yawa ma na kawo ta, ciwon saiwa ma haka, ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba. In kin gyara magudana kin sa taki sati 2 ba canji, ki tuge guda ɗaya ki wanke saiwar ki duba, fara mai yawan gashi lafiya ce, baƙa mai wari ruɓa ce, mai ƙulli-ƙulli kuma tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, wannan sai a sauya ƙasar buhun kuma kar a maimaita tumatir ko kuɓewa a wajen.

Aikin kullum bai wuce minti 15 ba in ana yinsa kullum. Bayan sallar asuba gari ya ɗan waye ki zagaya, yatsa a ƙasa, ki juya ganye biyu uku ki ga bayansu, ki cire ciyawa tun tana ƙarama da hannu kafin ta yi iri, ki zubar da duk ruwan da ya taru a gwangwani ko tsohuwar taya. Washegarin duk ruwa mai ƙarfi ki ɗan sosa saman ƙasar da ba a rufe ba da ƙaramin icce don ta daina yin ɓawo. Yau dai ki fara da fitar da ruwan nan da ɗaga tumatirin, jibi in ƙasa ta sha iska ki ja kunya ki sake shuka kuɓewa da alayyahu a ƙarƙashin gidan sauro. In kin tarar an sake tone buhun, ki barbaɗa toka a zagayensa da daddare, da safe sawun zai nuna miki ko waye, ki ɗauki hotonsa da na ganyen tumatirin gaba da baya ki turo min in gani.